Ciwon Dajin Ƙoda da RNA Marar Yin Furotin: Abin da Aka Gano da Abin da Ya Shafi Majiyyaci

Idan likita ya gaya wa mutum cewa an ga ƙari a ƙodarsa, abu na farko da shi ko 'ya'yansa kan yi a yau shi ne su ɗauki waya su shiga intanet. A can sai su ci karo da sunaye irin su miR-21 da miR-210 da MALAT1, da labaran cewa an gano gwajin jini ko na fitsari da zai nuna ciwon dajin ƙoda tun kafin ya bayyana. Duk waɗannan sunaye na wani rukunin sinadaran jiki ne da ake kira RNA marar yin furotin, wanda takardun bincike ke taƙaitawa da ncRNA.

Ilimin na gaskiya ne, kuma ya bayyana abubuwa da dama game da yadda ƙarin ƙoda ke girma, da yadda yake bazuwa, da dalilin da magani kan daina yi masa aiki. Sai dai har yanzu babu wani gwaji ko magani na wannan rukuni da ya shiga ƙa'idojin kula da ciwon dajin ƙoda. Yana da kyau majiyyaci da danginsa su san waɗannan abubuwa biyu tare, don kada a kashe kuɗi ko a ɓata lokaci a kan abin da bai nuna ba tukuna.

Ciwon dajin ƙoda a taƙaice

A kowace shekara ana samun fiye da mutum 400,000 da suka kamu da ciwon dajin ƙoda a duniya. Ya fi kama maza, kusan ninki biyu na mata, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 60 zuwa 70. Shan taba da ƙiba da hawan jini da daɗewa ana wankin ƙoda duk suna ƙara haɗarinsa.

A manya, kusan 9 cikin 10 na wannan ciwo yana tasowa ne daga siraran bututun da ke tace fitsari a cikin ƙoda. Likitoci na rubuta shi da RCC. Shi ma iri-iri ne, kuma wanda ya fi yawa, kimanin 7 cikin 10, shi ne mai garai-garan ƙwayoyi, wato ccRCC. An ba shi wannan suna ne saboda ƙwayoyinsa cike suke da kitse da sitaci, idan aka wanke su don dubawa da madubin likita sai a gan su fayau kamar babu komai a ciki. Yawancin abin da aka sani game da RNA marar yin furotin, a kan wannan nau'in aka gano shi.

Mene ne RNA, kuma me ya sa wani ba ya yin furotin?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. A cikin kowace akwai DNA, wanda ke ɗauke da umarnin da aka gada daga uwa da uba. Kowane yanki na wannan umarni shi za mu riƙa kira ƙwayar gado.

A ɗauki shagon tela a misali. Maigida yana da littafin awo da ba ya barin a fita da shi. Idan za a yi ɗinki, sai a kwafi awon a 'yar takarda a miƙa wa mai keke. Littafin shi ne DNA, 'yar takardar ita ce RNA ɗan aike, wanda ake rubutawa mRNA, rigar da aka ɗinka kuma ita ce furotin. Furotin ne ke yin yawancin ayyukan jiki: gina tsoka, narkar da abinci, ɗaukar iskar oksijin, yaƙi da cuta.

Da aka kammala karanta DNA na ɗan Adam a 2003, sai aka ga ƙwayoyin gadon da ke yin furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma ba su kai kashi 2 cikin 100 na littafin ba. An daɗe ana yi wa ragowar kallon tarkace. Daga baya aka lura ana kwafar babban ɓangarensa zuwa RNA, amma wannan RNA ba ya zuwa wurin ɗinki. Wasu daga cikinsa aikinsu tsare hanya ne: su ne ke yanke wace takarda za ta kai ga mai keke, wacce za a yage, riga nawa za a ɗinka, kuma yaushe.

Wannan ba shi ne RNA ɗin da aka yi wasu alluran rigakafin korona da shi ba. Wancan ɗan aike ne mai yin furotin.

Manyan nau'o'i uku

Na farko shi ne maikro-RNA, gajere ƙwarai, harufansa kimanin 22. Yana manne wa RNA ɗan aike ya hana a karanta shi, ko ya sa a lalata shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a Amurka a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, kuma aka ba su kyautar Nobel a kansa a 2024. Mutum yana da fiye da 1,000, kuma guda ɗaya kan iya tsare 'yan aike da yawa. Duk sunan da ya fara da miR nasu ne.

Na biyu dogon RNA ne, mai harufa fiye da 200, ana rubuta shi lncRNA. Wasu suna rufe yankin DNA don kada a karanta shi, wasu kuma suna tsotse maikro-RNA kamar yadda soso ke tsotse ruwa. Na uku mai zobe ne, bakinsa biyu a haɗe, don haka ba ya saurin lalacewa. Bincike a kansa bai yi nisan na sauran ba.

Yadda suke shiga cikin ciwon dajin ƙoda

Ƙwayar halitta mai lafiya tana da totur da birki. Akwai furotin masu cewa ta rabu ta hayayyafa, akwai masu cewa ta tsaya, ko ma ta mutu idan ta lalace. Ciwon daji shi ne totur ya maƙale a ƙasa, birki kuma ya tsinke. Tunda aikin maikro-RNA rage furotin ne, illarsa ta danganta da wanda ya tsare. Idan ya yi yawa ya tsare furotin na birki, ƙari ya samu hanya. Idan kuma wanda ke tsare furotin na totur ne ya ragu, nan ma ƙari ya samu hanya.

A ccRCC labarin yakan faro ne daga wata ƙwayar gado mai suna VHL, wadda aka gano a 1993. A kusan 9 cikin 10 na wannan ƙari ta lalace ko an rufe ta. Aikinta shi ne share wani furotin mai suna HIF idan akwai isasshiyar iskar oksijin. HIF ƙararrawa ce da ke kaɗawa idan iska ta yi ƙaranci. Idan VHL ta lalace, ƙararrawar ba ta daina kaɗawa, sai ƙwayar ta riƙa yin abin da mai shaƙewa ke yi alhali iska na nan: tana kiran sabbin jijiyoyin jini ta hanyar wani furotin mai suna VEGF, tana kuma sauya yadda take ƙona abinci. Shi ya sa ƙarin ƙoda ke cike da jijiyoyi, yake kuma saurin zubar da jini. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun samu kyautar Nobel ta 2019 a kan bayyana wannan tsari.

Ɗaya daga cikin abubuwan da HIF ke kunnawa shi ne miR-210. Bincike daga ƙasashe daban-daban ya yi ta samunsa da yawa a cikin ƙarin ccRCC idan aka kwatanta da lafiyayyar ƙodar da ke gefensa. Yana rage aikin 'yan injinan da ke ƙona abinci da oksijin a cikin ƙwaya, sai ta koma dogaro da sukari, hanyar da ƙwayoyin daji suka fi so. A cikin duk maikro-RNA na ƙoda, shi ne wanda aka fi fahimtar dalilin hauhawarsa.

Sai miR-21, wanda ake samu da yawa a ire-iren ciwon daji, har da na ƙoda. Yana tsare furotin biyu na birki, PTEN da PDCD4. Wani babban aikin gwamnatin Amurka mai suna TCGA, wanda ya binciki ƙarin ƙoda na mutane fiye da 400 ya kuma fitar da sakamako a 2013, ya sanya miR-21 cikin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon da ya fi tsanani.

Akwai kuma waɗanda raguwa suke yi. Dangin miR-200, musamman miR-141 da miR-200c, su ne ke taimaka wa ƙwayoyin bututun ƙoda su zauna manne da juna kamar bulo a jikin bango. Idan suka ragu, furotin masu suna ZEB1 da ZEB2 kan ƙaru, ƙwayar ta saki maƙwabtanta ta fara tafiya. Wannan na daga cikin matakan da ƙari ke bi kafin ya shiga jini ya kai huhu ko ƙashi ko hanta.

A ɓangaren dogon RNA, an samu MALAT1 da HOTAIR da yawa a ƙarin da ya yi nisa. MALAT1 yana da wani labarin na daban. A wani nau'in ciwon ƙoda da ba a cika samu ba, wanda ya fi kama matasa, kiromosom na 6 da na 11 kan karye su haɗu a karkace, sai makunnin MALAT1 mai ƙarfi ya faɗa gaban wata ƙwayar gado mai suna TFEB ya sa ta aiki babu tsayawa. A nan masu duba tsoka a ɗakin gwaji suna amfani da wannan sani wajen tantance nau'in ƙarin.

Me ya sa magani kan daina aiki?

Wannan tambaya ce da ke damun iyalai sosai. An fara ba majiyyaci magani irin sunitinib, mai toshe hanyar VEGF, ƙari ya tsaya ko ya ragu, bayan watanni kuma hoto ya nuna ya ci gaba. Dalilan suna da yawa, kuma RNA marar yin furotin na cikinsu.

A 2016 masu bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin sun bayyana wani dogon RNA da suka sa wa suna lncARSR. Yana tsotse miR-34 da miR-449, waɗanda su ne ke danne furotin biyu masu suna AXL da MET. Da zarar waɗannan biyun sun samu sarari, ƙari ya samu wata hanyar girma da sunitinib bai toshe ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, ƙwayar da ta koyi bijirewa tana zuba lncARSR a cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ta aika wa maƙwabtanta, su ma su koya. Yawancin wannan aiki a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka yi shi. Amma ya yi daidai da abin da ake gani a asibiti, domin cabozantinib, wanda ke toshe MET da AXL tare da hanyar VEGF, yakan yi aiki ga waɗanda maganin farko ya daina yi musu.

Don haka idan likita ya ce za a sauya magani, ba lallai ne maganin farko jabu ba ne, ba kuma lallai ne majiyyaci ya yi sakaci ba. Ƙarin ne ya sauya.

Ƙarin ƙoda na yara

Yara suna da nasu ciwon dajin ƙoda, wanda ake kira ƙarin Wilms. Ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin ƙullutu a cikin yaro wajen wanka. A nan rawar RNA marar yin furotin ta fi fitowa fili. A kimanin kashi 15 cikin 100, injin da ke yanka maikro-RNA ne da kansa ya lalace, wato ƙwayoyin gado irin su DROSHA da DGCR8. A wasu da dama kuma an rufe wani dogon RNA mai suna H19, sai furotin na girma mai suna IGF2 ya ninka. Duk da haka maganin Wilms tiyata ne da kemo, wani lokaci da gashi, kuma inda aka kai yaro da wuri aka kammala magani, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa.

Za a iya gano ciwon da gwajin jini ko fitsari?

Buƙatar tana nan. Ciwon dajin ƙoda ba shi da gwajin jini irin PSA na mafitsarar maza. Kuma a cikin ƙananan ƙarin ƙoda da ba su wuce santimita 4 ba, kusan 1 cikin 5 ba daji ba ne, amma hoto ba ya iya bambancewa a kowane lokaci. Da akwai gwajin da za a dogara da shi, da wasu sun tsira daga tiyatar da ba su buƙata. Maikro-RNA kuma ya dace da wannan aiki, domin yana yawo a jini da fitsari a cikin waɗancan jakunkuna, ba ya saurin lalacewa.

A wasu cututtukan an yi nisa. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da gwajin fitsari na wani dogon RNA mai suna PCA3 a 2012, don taimakawa wajen yanke shawarar sake ɗaukar tsoka ga waɗanda ake zargin ciwon dajin mafitsarar maza. A ciwon dajin maraina kuma, miR-371a-3p ya nuna alamar ƙarfi sosai.

A ƙoda ba a kai nan ba, kuma dalilan a bayyane suke. Yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi, kuma abin da wannan asibiti ya samu, wancan bai cika samu ba. Babu hanyar awo ɗaya da kowa ya yarda da ita. Sannan miR-21 da miR-210 ba na daji kaɗai ba ne: miR-21 yana hawa idan ƙoda ta yi tabo ko kumburi, miR-210 kuma yana hawa duk inda iska ta yi ƙaranci. Fashewar jajayen ƙwayoyin jini ma tana gurɓata awon. A ganinmu wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin a inda zazzaɓin cizon sauro da sikila suka yi yawa, gwajin da aka tsara a Turai ko Sin sai an sake tabbatar da shi a kan mutanenmu kafin a yanke hukunci da shi.

Idan wani ya tallata muku gwajin maikro-RNA da zai tabbatar ko ya kore ciwon dajin ƙoda, ku kai takardar ga likitan mafitsara kafin ku biya. Sakamakon da ya ce lafiya lau alhali akwai ƙari ya fi rashin gwajin haɗari.

Magani da RNA

Dabarar biyu ce: a mayar da maikro-RNA ɗin da ya ragu, ko a toshe wanda ya yi yawa. An gwada ta farko da wani magani mai suna MRX34, kwaikwayon miR-34a, daga 2013, a kan masu ciwon daji da ya yi nisa, ciki har da na ƙoda. An dakatar da gwajin a 2016 bayan garkuwar jiki ta yi mummunan bore ga wasu, mutum huɗu suka rasu. Babbar matsalar ita ce yadda za a kai RNA cikin ƙari kaɗai ba tare da ya taɓa sauran jiki ba.

Akwai magungunan RNA da aka amince da su, kamar patisiran a 2018 da lumasiran a 2020. Na biyun na wata cutar gado ce mai haddasa tsakuwar ƙoda. Amma duka biyun a hanta suke aiki, inda kai RNA ya fi sauƙi, kuma ba na ciwon daji ba ne.

Abin da ya amfani masu ciwon ƙoda daga ilimin VHL da HIF ya zo ne ta wata hanyar: sorafenib a 2005, sunitinib a 2006, sai belzutifan mai toshe HIF kai tsaye a 2021. Tare da su akwai magungunan da ke tayar da garkuwar jiki, irin su nivolumab da pembrolizumab.

Ana gadonsa? Abinci na iya gyara shi?

Sauye-sauyen RNA da aka ambata a cikin ƙarin suke faruwa, ba a miƙa su ga 'ya'ya, kuma ba a ɗaukarsu daga majiyyaci. Ciwon dajin ƙoda na gado bai kai 1 cikin 10 ba. Ana zarginsa idan ciwon ya zo wa mai shekara 46 ko ƙasa, ko ya kama ƙoda biyu, ko an samu fiye da mutum ɗaya a dangi. A nan likita kan ba da shawarar gwajin ƙwayoyin gado irin su VHL, wanda gwajin DNA ne.

Za ku ga tallan kurkum da koren shayi da wasu ganyaye wai suna gyara maikro-RNA. Abin da aka gani a cikin kwanon gwaji ne, ba a jikin majiyyaci ba. Ga mai ƙoda ɗaya bayan tiyata, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na iya lalata wadda ta rage.

Abin da ake dogaro da shi a yau

Ana gano ciwon dajin ƙoda ne da sikanin, sai hoton CT ko MRI, wani lokaci a ɗauki 'yar tsoka da allura. Idan bai fita daga ƙoda ba, tiyata ce magani: a cire ƙarin kaɗai idan ƙarami ne, ko ƙodar baki ɗaya. Ƙididdigar Amurka ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gano a wannan mataki suna raye bayan shekara 5. Idan ya riga ya bazu zuwa wasu sassan jiki, adadin bai kai kashi 20 ba. Babu wani binciken RNA da ya zo kusa da wannan tazara.

A ƙasashe masu arziki fiye da rabin masu ciwon ana gano su ne kwatsam, wajen ɗaukar hoton wani abu daban. A wurinmu akan zo ne bayan alamomi sun fito: jini a fitsari, ciwon kwiɓi da ba ya tafiya, ƙullutu a gefen ciki, rama, zazzaɓin da ba a gano dalilinsa ba, ko ƙarancin jini. Haɗuwar ukun farko a lokaci guda ba ta cika faruwa ba, kuma idan ta faru ciwon ya riga ya yi nisa, don haka kada a jira su cika.

Jini a fitsari shi ne alamar da aka fi rainawa a ƙasar Hausa, saboda an saba da tsargiya tun ƙuruciya. Babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke da kansa, yana buƙatar sikanin na ƙoda da mafitsara. Haka kuma wanda ya sha maganin tsargiya jinin bai tsaya ba. Matashi mai jinin AS ma a duba shi: yawanci dalilin mai sauƙi ne, amma akwai wani nau'in ciwon dajin ƙoda mai saurin bazuwa, wanda ba a cika samu ba, da kusan masu wannan jini kaɗai yake kamawa.

Likitocin mafitsara da ke yin wannan tiyata ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Sakkwato da na Maiduguri. Bayan tiyata ku karɓi takardar sakamakon tsokar ku adana, domin ita ce ke faɗin nau'in ƙarin da matakinsa, kuma da ita ake zaɓen magani da tsara lokutan sake ɗaukar hoto. Idan aka nemi izininku don a ajiye ɗan jini ko fitsari ko tsoka saboda bincike, kuna da damar tambayar me za a yi da shi, wa zai ga sunanku, da ko sakamakon zai sauya maganinku. Ƙin yarda ba ya rage muku komai a kulawar da ake ba ku.